Masu Shan Ƙorama Ɗaya

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, Baba da ƙanensa Baffa suka ɓata kan ruwan da ke shayar da gonakinsu na shinkafa a Zauro. Baba ya rantse duk ɗansa da ya yi wa Baffa magana, ba shi ba shi. Ga shi Baffa ne malaminmu na Turanci.

Wata azahar ya rubuta "rival" a allo, garin alli na zuba kan hannun rigarsa.

"Abokin gaba ke nan," ya ce. "Asalin kalmar harshen Latin ne, rivus, wato ƙorama. Da can, sunan mutum biyu ne masu shan ƙorama ɗaya." Sai ya dube ni. "Tashi ki ba mu misali."

Na miƙe. In na amsa, na saɓa wa Baba. In na yi shiru, na raina Baffa. 'Yan aji sun san labarin, kowa ya zuba mini ido.

"Zamna, ɗiyata," ya ce a hankali. "Ni na yi kuskure."

Har ya rasu ban ce masa uffan ba, kuma shirun nan bai sake ni ba har yau.