Cinikin Riɗi

"Digiri biyu a haɗe? Kasuwanci da hulɗar ƙasashen waje?" Ya daka wa 'yarsa tsawa. "Jami'a ce za ta koya wa gidana ciniki? Ba inda za ki!"

Ranar kasuwar Tudun Wada, wani baƙo daga ƙetare ya taya riɗin uban. Dillali ya shige tsakani, suna ta Turanci suna dariya, har dillalin ya sallama. Ko "albarka" ba a bari mai kaya ya ce ba.

Ya dawo gida yana huci, ya banko ƙofa.

"Ke! Karatun nan, har yarensu ake koyarwa?"

"Har dokokin cinikinsu, Baba."

"To zaman uban me kike yi? Haɗa kayanki!"