Makirufon Mama

"Ko ka gyara shi yau, ko ka kwashe wayoyinka ka bar mana coci!"

Matar Fasto ce ke zazzaga wa mai sauti masifa a gaban mawaƙa. Duk Lahadi tana waƙa, amma lasifika ba ta taɓa fitar da muryarta ba.

Mai sautin ya dubi Fasto ko zai sa baki. Fasto ya haɗe rai.

"Ka ji abin da Mama ta ce. Aikin banza kawai!"

Aikin banza? Shi da ke kan tsani tun kafin a yi shara? Zuciya ta ciyo shi.

Ana ɗaukar waƙar farko, ya murɗa sautin makirufonta har ƙarshe. Muryar Mama ta tashi kamar an shaƙe akuya. Mai ganga ya saki sanda, jarirai suka tsala ihu.

Fasto ya sauko yana huci, ya manta da makirufon da ke maƙale a wuyan rigarsa.

"Kai, ka haukace ne? Ban ce kada ka taɓa kunna nata ba?"

Kowace lasifika ta ɗauka. Mama ta juyo a hankali.