Kifin da Ba Ya Zuwa Kasuwa

Ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, bakin kogin Haɗeja, malamarmu ta ce kowa ya zo da wani abu daga gida, za ta koya mana miya. Wasu suka kawo manja, wasu tumatir. Ni kuwa Inna ta ƙulle mini ƙananan busassun kifaye a tsumma, irin waɗanda Baba yake bar mana idan ya kai manyan kasuwa. Duk ranar da ta zuba mana miyarsu sai ta ce, "Ku yi haƙuri."

Na tura ƙullin bayan murhu. Malama ta ɗauko, ta kwance, ta shinshina.

"Wa ya kawo wannan?"

Da ƙyar na ɗaga hannu.

"Jawo turmi, 'yata. Kada ki cire kai, kada ki cire ƙaya. Abin da ƙashin yaro yake nema yana nan ciki."

Na daka, ƙamshin banda ya cika gindin darbejiyar.

Yau haka nake daka wa 'ya'yana. Abu ɗaya ke damuna: har Inna ta rasu ban gaya mata ba cewa babu abin ba da haƙuri a miyarta.