Mai Irin Shuka da Kwamfutarsa Guda

Tun da kana tunanin ɗora shafin kamfaninka a kan kwamfutar nan ta ofis, saurari abin da ya sami wani mai sayar da irin shuka. Mutum ne mai son ganin cikin abu, ko rediyo ya saya sai ya kwance bayanta ya leƙa. Ran da aka gaya masa cewa shafin intanet ba a iska yake rataye ba, a cikin wata kwamfuta yake zaune wadda ba a kashewa, sai ya dubi tasa, wadda sakatariyarsa ke buga takardu a kai, ya ce to me zai hana ita ma ta yi? Ya kira wani masanin harkar da ke da shago a layinsu. Masanin ya ce zai yiwu, sai dai wanda aka ba tsaron ƙofa ba a aikensa kasuwa. Mai iri ya ce a dai gwada a gani. Aka haɗa, aka kafa sola saboda ɗaukewar wuta, shafi ya tashi da hotunan masara da dawa da wani wake mai saurin nuna. Masanin ya nuna masa wata 'yar taga a allon, inda duk wanda ya buɗe shafin sai layi ɗaya ya fito. Wannan taga ta zama abin kallonsa. Yakan tsallaka titi ya buɗe shafin a wayarsa, ya dawo da sauri don ya ga layinsa. Yakan durƙusa ya dafa akwatin kwamfutar ya ji ɗuminsa, yana mamakin yadda manomi zai taɓa waya a Funtuwa, fitila ta ƙifta a ƙarƙashin teburinsa.

Gab da faɗuwar damina, wata ƙungiyar manoma ta nemi wanda zai kawo wa ƙauyuka goma sha biyu iri, ta ce a miƙa takardun neman aikin kafin azahar ran Alhamis. A safiyar Alhamis ɗin kuma wani shirin noma na rediyo ya yabi waken nan, har ya faɗi adireshin shafin. Layuka suka soma zubowa a taga kamar an kwance bakin buhu. Mai iri ya ja kujera ya zauna, ya ce wa sakatariya, wadda ke shirin buga takardun neman aikin, ta ɗan dakata ya ga iyakar abin. Da ya tashi ya ba ta wuri, hantsi ya riga ya dubi ludayi. Ta danna harafi, sai ya yi shawara kafin ya fito. Fankar akwatin ta shiga gurnani, na'urar buga takarda ta turo shafi ɗaya ta tsaya. Wayarsa kuma ba ta huta ba, manoma na cewa shafin sai juyawa yake, ya ƙi buɗewa. Sakatariya ta ce, "Alhaji, ko baƙinka ko takardunka, ɗaya za ka zaɓa." Ya tsaya yana duban taga yana duban agogo, yana ganin kamar in aka ƙara haƙuri kaɗan duka biyun za su samu. Sai da rana ta take tsaka sannan ya sunkuya ya zare wayar intanet da hannunsa. Nan take takardu suka fito sumul. Ya hau babur ya nufi ofishin ƙungiyar, ya tarar an idar da salla, an rufe karɓa. Ya dawo ya mayar da wayar intanet ɗin, ya zauna jiran baƙi, amma waɗanda suka ƙwanƙwasa da safe suka ji shiru sun nemi iri a wani wuri. Washegari ya koma wurin masanin, ya ce a kama wa shafin haya a wurin masu wannan sana'ar. Waken kuwa rabinsa a sito ya ga ƙarshen shuka.

Ka ga ke nan, ba banza ba Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa.