Filin Kamfanin Riɗi

Katafila ta iso bayan unguwar Gwallameji tun kafin Zinariya ta gama kwance injinanta na matsar man gyaɗa. Matan da ke aiki a wurinta suka tsaya gefe, kowacce riƙe da bokitinta.

Wani mai zuba jari daga Legas, Mista Tunji, shi aka ba filin da rumfunan Zinariya suke. Zai kafa kamfanin sarrafa riɗi, kuma wata jiha maƙwabciya tana zawarcinsa. Haka Darakta Ɗanlarai, jami'in gwamnatin da ya kawo shi, ya shaida wa manya. Ya ce can sun yafe masa haraji, sai nan aka ƙara da fili kyauta. Ya ce can za su ja masa wuta, nan aka ce har da titi. Ba wanda ya tsaya bincike, kada maƙwabta su riga mu.

Sau ɗaya Zinariya ta ga mutumin, ranar da aka zo duba fili. Kwat ɗinsa ta ɗan yi masa yawa. Bai zauna ba sai da Darakta ya zauna. Mutane suka yaba da tarbiyyarsa.

"Hajiya, ci gaba ne ya zo," in ji Darakta. "Zan nema miki wani wurin da kaina."

Aka rushe rumfunan. Aka ja wuta, aka shimfiɗa kwalta. Injinan suka yi tsatsa a tsakar gidan ƙanwar Zinariya, 'yan kasuwar da ke sarin mai a hannunta suka koma saye daga waccan jihar. Ɗaya daga cikin matan ta shiga wankau.

Bayan damina sai aka ji cewa Mista Tunji ya fasa. Filin dai yana hannun kamfaninsa, aka yanka shi fuloti-fuloti, masu hali suka fara gini.

Zinariya ta gaji da zaman jira a ofis, ta je gidan Darakta ta tuna masa alkawari. Maigadi ya ce ta zagaya ta baya, ta tambayi kuku, shi ya fi kowa daɗewa a gidan.

"Oga bai tashi ba, Hajiya," in ji Mista Tunji, bai ko ɗago daga albasar da yake yankawa ba.