Tef Ɗin Awon Kaka

Kaka tela ce, kuma duk layin an san keken ɗinkinta ba ya hutawa. Amma tun da aka haifa mata jika namiji, tef ɗin awonta ya samu sabon aiki. Kullum da safe, da surukarta ta ajiye yaron ta wuce makarantar da take koyarwa, sai Kaka ta ɗora shi a cinya ta zagaya masa tef a ciki.

"Maigidana ya ƙaru!" in ji ta. "Wannan rigar ma ta yi kaɗan."

Watansa bakwai, amma in ka gan shi sai ka rantse ya haura shekara. Wuya ya ɓace, cinyoyi sun yi ninki-ninki, har mutanen layi suka raɗa masa suna Lukuti. Kaka kuwa ba sunan da ya fi mata wannan daɗi.

Sirrin ba mai nisa ba ne. Uwar takan bar madarar gari ta faɗi awon da za a dama, amma Kaka gani take wannan rowa ce tsantsa. Sai ta ƙara cokali, ta zuba sukari, ta marmasa biskit, sannan ta faɗaɗa hujin kan kwalbar shan madararsa da babbar allurarta don kaurin ya wuce. Yaro ya yi kuka, kwalba. Ya yi hamma ma, kwalba.

Wata rana surukar ta ce a hankali, "Mama, a wurin awo a asibiti sun ce nauyinsa ya wuce kima. Wai a daina ba shi zaƙi."

"Su wa? Yaran nan da aka haifa jiya? 'Ya'ya biyar na raina, 'yar nan. Ƙiba ai lafiya ce. So suke ya koma kamar 'yar gidan mai wanki, wadda iska za ta iya ɗauka?"

Surukar ta bar maganar. Ina ita ina musu da uwar miji?

Ana haka mura ta shigo layin, ta bi yara gida-gida. 'Yar mai wanki ce ta fara kamuwa, kuma da yake uwarta kullum a tsorace take da ramar yarinyar, a ranar ta kai ta asibiti. Kaka ta yi dariya ta ce marar jiki dole ya yi gudu.

Ba a jima ba Lukuti ya kamu. Hanci ya toshe, tari ya biyo baya, har ya fara kau da kai daga kwalba. Uwar ta ce, "Mama, an ce mu riƙa duba ƙirjinsa. In ƙasan haƙarƙari yana lotsawa lokacin da ya ja numfashi, a kai shi maza."

Kaka ta ɗaga rigar. Tsoka ta rufe ko'ina, ba a ganin komai.

"Ina haƙarƙarin yake, balle ya lotsa? Dubi ƙirji sumul. Mura ce kawai, me za ta yi wa wannan ƙato? Tafi aikinki."

Uwar ta tafi, tana waiwaye.

Kaka ta kwantar da shi a katifa kusa da keke, ta ɗauko yadin da ta yanka masa sabuwar riga, wadda ta fi ta jikinsa faɗi. Ta hau ɗinki, ƙarar keke ta cika ɗakin. Sai da zare ya tsinke ta ɗaga ƙafa, a nan ne ta ji wani siririn fito yana fitowa daga katifar. Ta juya. Hancin yaron na buɗewa yana rufewa, leɓunansa sun canza launi, ko ƙarfin kuka ba shi da shi.

Ba ta san lokacin da ta sure shi ta fita ba takalmi ba.

A asibiti aka sa masa iskar taimakon numfashi. Likita ta kira Kaka da iyayen gefe, ta yi magana ba tare da faɗa ba.

"Mama, murar ta sauka ƙirji. Hanyoyin iskar jariri sirara ne ƙwarai, kumburi kaɗan ya isa ya toshe su. Yaro mai ƙiba fiye da kima kuwa, kumburin kan iya yi masa tsanani. Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ke zaune a hanci da maƙogwaro, in mura ta raunana wurin sai su samu ƙofa. Yaushe ya fara ƙin cin abinci?"

"Shekaranjiya," in ji uwar.

Likita ta sunkuyar da kai. Kaka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

An yi iya ƙoƙari, amma an zo a makare. Kafin mako ya zagayo, Lukuti ya koma ga Mahaliccinsa.

Surukar ba ta taɓa ce mata uffan ba, kuma wannan shirun ya fi wa Kaka zagi ciwo. Da Kaka ta koma ɗakinta, ta tarar da rigar tana nan ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a ɗinke. Ta tagar ɗakin tana hango 'yar mai wanki, siririya kamar da, tana rarrafe tana jan zanen uwarta. Kaka ta naɗe tef ɗin ta jefa cikin akwati, ta zauna ta yi kuka mai yawa.

Jama'a, ƙibar jariri ba ita ce shaidar lafiyarsa ba. Mu bi awon da ma'aikatan lafiya suka ba mu, kuma in jariri mai mura ya ƙi cin abinci ko numfashinsa ya canza, mu kai shi asibiti a ranar, komai girman jikinsa.