Likitan Kunne da Ɓawon Ƙwai

Kai da kake cewa ka tsufa da koyon sabon aiki, bari in ba ka misalin wani likitan kunne. Shekara talatin yana duƙe a kan madubin tiyata har wuyansa ya ƙage, duƙawa ta gagare shi. Ana nan aka kawo masa wata malamar makaranta, ƙari ya fito mata can cikin ƙashin bayan kunne, ya manne da jijiyar da ke motsa fuska. In hannu ya goce da kaurin gashi ɗaya, bakinta ya karkace ke nan har abada, kuma duk yankin babu mai wannan aikin sai shi. Asibitin na da sabuwar na'ura, kyamara ce ke leƙa cikin kunne ta faɗaɗa hoton a babban allo, likita ya yi aiki kansa a miƙe. Ranar da ya gwada ta, ido na gaba, hannu na ƙasa, sai hannun ya ƙi jin maganarsa. 'Yar rawar yatsan da shi kaɗai ya san da ita, allo ya tona ta a gaban kowa. Ya ji kunya ƙwarai.

Bai yi gardama da allo ba. Ya sayi ɗanyen ƙwai kiret guda, kullum da sassafe ya zauna gaban na'urar yana goge ɓawo da ɗan injin da ake cin ƙashi da shi, wai kada ya huda fatar ciki. Na farko ya fashe, na hamsin ma haka, fasassun kuma ya kwasa ya kai gida. Matarsa ta ce, "Likita, wai me kaji suka yi maka? Gidan nan an gaji da wainar ƙwai." Ya yi dariya, ya ƙaro kiret. Sai a mako na shida ya ɗaga ƙwai tsirara, ba ɓawo, gwaiduwa na rawa a ciki, ko ɗigo bai zuba ba. Sannan ya sa ranar tiyata. Awa bakwai yana cin ƙashin nan da likitoci ke kira dutse saboda taurinsa, idonsa a kan allo, har ya raba ƙarin da jijiyar. Da malamar ta farfaɗo ya ce mata ta yi murmushi. Ta yi, bakin ya buɗe daidai ta kowane gefe.

Ka ji inda Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.